Khala Asabe Ta Rasu, Ita Kaɗai Ta San Gidan da Balaraba Take

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Khala Asabe ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Na riga na sa abaya, ina neman ɗan mukullin ɗaki, wajenta ma zan tafi. Waya ta yi ƙara, na ga lambarta, na ɗauka ina cewa, "Khala ga ni nan, kar ki fara min faɗa." Sai na ji muryar 'yarta Samira. Samira Larabci ya fi zama a bakinta, balle ga kuka. "Anti Jummai, Ummi... halas. Ummi ta tafi."

Wai ta idar da sallar asuba, ta ce kanta na juyawa, ta ɗan kishingiɗa a kan darduma. Shi ke nan.

In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Ku da kuke gida Najeriya da Nijar ba ku san ta ba, bari in gaya muku wadda muka rasa.

A nan Jidda aka haife ta, a unguwar Ruwais. Kakanta da ƙafa ya taho aikin hajji ta Sudan, bai koma ba. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ta wanke ki da Hausa sai ki rantse a tsakiyar Kano ta girma. Tana da iƙama, takardar zama, abin da yawancinmu ba mu da shi. Mu da umara muka shigo muka maƙale. Mu ne 'yan tikari, mu ne kuke ce wa Kano-Jidda kuna dariya, kuma mu ne dai muke aiko muku da kayan sallah.

A wani lungu a unguwar Balad take zaman kasuwa, kusa da inda ake hawa mota, da farantinta. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, goro. Wanda bai sani ba zai ce tsohuwa ce mai sayar da kayan miya ya wuce.

Akwai wani mugun hali da muke da shi, mu mata masu aikatau a gidajen mutane, kuma yau sai na faɗe shi ko da za ku zage ni a ƙasan rubutun nan. Ba ma gaya wa juna gidan da muke aiki. Ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, katifa ɗaya, amma ki tambayi 'yar'uwarki ina take aiki, sai ta ce miki "can sama" ko "wajen teku". Don in kika faɗa, gobe wata ta je ta durƙusa wa madam ta ce ta fi ki iya guga, kuma ko nawa aka ba ta ta gode. An yi wa mutane da yawa, ni ma an yi min. Ga kuma tsoron 'yan rahoto masu kai labari wajen jawazat, jami'an da ke kama marasa takarda.

To in mace ta fita ba ta dawo ba, me muke cewa?

"Jawazat sun kwashe ta."

"Tana tsare a tarhil, jirgi take jira a mai da ita gida."

Sai a raba kayanta, a ba wata shimfiɗarta, a ce ai za ta kira in ta sauka Kano. Wasu sun kira. Wasu har yau ana jira.

Khala ta ba ni labarin yadda abin ya fara da bakinta. Lokacin tana da goyon farko, akwai wata maƙwabciyarsu, Kande, da ta fita aiki ba ta dawo ba. Kowa ya ce an kwashe ta. Can aka ji an tsinci wata baƙar mace a Khumra, bayan rumbunan ajiye kaya, naɗe cikin tsohon kafet. Babu wanda ya isa ya je dubawa sai mai takarda, sai Khala ta je. Da tsagar fuska ta gane ta.

Ta ce da ta dawo ta tara matan gidansu Kande ta ce, "Wane gida take aiki?" Suka yi zuru. Ba ɓoyewa suke ba, da gaske ba wadda ta sani.

Daga ranar ta fara karɓar ajiya. Haka muke kiran abin.

Duk wadda ta samu sabon gida, kafin ta fara aiki za ta biyo ta gaban farantin, ta durƙusa kamar mai tayin daddawa, ta raɗa mata: unguwa kaza, bayan masallaci kaza, bene mai koren ƙofa, hawa na kaza, ga sunan madam. Khala ta maimaita mata har ya zauna, sannan ta ce, "Na karɓa. Ba mai ji a bakina, sai dai a gan ni a ƙofar gidan."

Ba ta rubutawa. Ta iya rubutu sarai, amma ta ce ranar da aka kife farantin nan aka tsinci takarda, an gama da mu gaba ɗaya.

Kuma ba a taɓa jin gidan wata a bakinta ba. Shi ya sa matan da ba su yarda da uwa ɗaya uba ɗaya ba suka yarda da ita.

Masu kwana a gidan aiki ranar Alhamis da yamma ake sakin su. Sai ki ga Khala tana ƙulla yaji, tana ciniki, amma idonta na kan masu saukowa daga mota. Wadda Alhamis ta wuce ba ta gan ta ba, Juma'a ta wuce ba a ji muryarta ba, Asabar da safe za ta rufe farantinta da zane ta kama hanya.

Ni kaina ta je ta ɗauko ni.

Shekarata ta farko ce a ƙasar nan. Na ce wa madam zan bar aiki, sai ta karɓe wayata, ta kulle ni a ɗan ɗakin da ke saman bene, ta ce sai ta samu wata. Abinci ta ƙasan ƙofa. Na yi kuka har muryata ta dashe. Ina kwance na ji ƙararrawa, na ji wata murya a ƙasa tana cewa, "Ana khalatha. Ni ce innarta, na zo ganin 'yata."

Daga wannan kalmar sunan Khala ya samo asali. Duk gidan da ta je, ita ce innar yarinya.

Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a kan matakala, ta fito da filas ɗin shayinta ta zuba. Madam ta ce za ta kira 'yan sanda. Khala ta ce, "Yalla, kira su. Ga iƙamata. Ke kuma sai ki yi musu bayanin wadda kika ajiye a sama ba takarda."

Aka buɗe.

Na sauko zan faɗa jikinta ina kuka, ta ture ni ta ce, "Ke dalla can. Dubi ƙafarki duk kaushi, ko man shafawa babu a gidan?" Ta ja ni ta saya min burodin tamis mai zafi da wake, ta zauna tana kallona har na cinye. Ranar a ɗakinta na kwana.

Tun daga nan ba ta taɓa kiran sunana kai tsaye ba, sai "Jummai mai baki". In na sayi daddawa sai ta ƙara min, ta ce wai in cika bakin da miya ko mutane za su huta.

Amma kar ku ɗauka kullum haka ake ƙarewa.

Akwai gidajen da ta je aka ce mata, "Ai ta gudu tuntuni." Daga nan sai asibiti, wajen firjin da ake ajiye gawa. Ta ce ita ce innarta, ta yi ta zirga-zirga har a ba ta, ta wanke ta da hannunta, ta nemo maza su yi mata sallah.

Wannan wai ta faɗo daga bene tana shanya. Waccan ma daga bene ta faɗo. Mu dai kullum daga bene muke faɗowa, kamar ba mu taɓa ganin igiyar shanya ba sai da muka zo Jidda.

Ni dai a iya sanina ban taɓa jin an kama wani a kan ɗaya daga cikinsu ba.

Manyan mazanmu kuwa cewa suke tana ja mana ido, wata rana sai ta sa an kwashe unguwa. Ta ce da ɗaya daga cikinsu a gabana, "Alhaji, in 'yarka ce a firjin, ka zo ka sake gaya min." Bai ƙara bi ta lungun ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni yin kukan Khala yadda ya kamata.

Balaraba.

Ɗaki ɗaya muke da ita. Daga wani ƙauye take a wajen Gumel. Mijinta ya rasu, yaranta ƙanana suna hannun tsohuwarta. Mace ce mai dariya, in tana wanki sai ta cika gida da waƙa, ga murya ba daɗi, kullum sai mun yi faɗa a kai.

Bayan ƙaramar sallah ta samu sabon gida, na kwana. Wata dillaliya da ake ce wa Maman Biyu ce ta kai ta. Ita Maman Biyun ba a daɗe ba aka kama ta a samame aka mai da ita gida.

Alhamis ɗin waccan da Balaraba ta zo, na ga wuyan hannunta ya yi baƙi. Ta ce ƙofa ce ta datse ta. Muna cin abinci ta ce ɗakin da take kwana ba shi da sakata ta ciki, tukunyar gas take turawa ta tokare ƙofar.

Na ce, "Maigidan ne ko ɗan gidan?"

Ta ci gaba da cin abincinta.

Na ce, "Balaraba, kar ki koma."

Ta ce, "In watan nan ya ƙare zan bari."

Na ce to a wace unguwa ce? Sai ta yi dariya ta ce, "Na ba Khala ajiya. Ke dai Jummai so kike ki ƙwace min gida." Wasa take yi. Ni ma na yi dariya na ce ta riƙe kayanta.

Tun farkon makon nan wayarta a kashe. Alhamis ta zo, ba Balaraba. Jiya Juma'a, ranar da duk runtsi sai ta kira yaranta, shiru. Tsohuwarta ta ari waya ta kira ni tana cewa, "'Yar nan, lafiya kuwa? Yaran sun ƙi tashi daga gindin mai waya."

Na ce mata caji ne ya ƙare.

Bayan la'asar na tafi Ruwais gidan Khala. Ganinmu na ƙarshe ke nan, jiya-jiyan nan.

Na same ta ta miƙe ƙafa a kan matashi, ƙafafun sun kumbura, tana tsinke na'ana'a za ta sa a shayi. Ban ko gama gaisuwa ba ta ce, "Na sani. Na sa an tambaya a tarhil, ba ta can."

Na ce, "Khala mu tafi yanzu."

Ta ce, "Yau Juma'a. Ko maza duk suna gida, ko sun kulle ta sun tafi bakin teku. In muka buga ba a buɗe ba, mun sanar da su ke nan, su canja mata wuri. Gobe maigida zai fita aiki, da madam kaɗai nake son magana."

Na ce, "To gaya min gidan."

"La, a'a."

"Unguwar kawai, don girman Allah."

Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ke da bakin nan naki? Kafin magariba kin je kin tara musu jama'a, ke an kama ki, ita an ɓoye ta. Kuma in na gaya miki yau, gobe wa zai ƙara ba ni ajiya?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce wannan ba amana ba ce, taurin kai ne. Ko gezau. Ta miƙo min shayi.

Na taɓa tambayarta tun da daɗewa, na ce Khala duk gidajen nan a kanki kaɗai, ba za ki samu mataimakiya ba? Ta ce tana nema. Ta ce, "Mai iƙama ba ta so, mai so ba ta da iƙama."

Da na tashi tafiya ta ce, "Ki zo da wuri. Kuma ki sa takalmi mara tsini, akwai 'yar tafiya bayan mun sauka mota."

Iyakar abin da na sani game da inda Balaraba take ke nan. Akwai 'yar tafiya bayan an sauka mota. A Jidda!

Yanzu daga gidan rasuwar nake rubutun nan, a kan matakala. Maza sun tafi da ita, mu mata ba ma zuwa maƙabarta a ƙasar nan.

Na ja Samira gefe na ce don Allah ko Ummi ta ce wani abu jiya, ko sunan unguwa, ko sunan masallaci? Ta ce wallahi cewa kawai ta yi a ajiye mata abayarta kusa, za ta fita da sassafe. Na ce to ke kina da iƙama, ki je wajen 'yan sanda. Ta ce mijinta ne kafilinta, a ƙarƙashinsa takardarta take, ya riga ya rantse in ta sa kanta a aikin Ummi ba shi ba ita. Ban ga laifinta ba, yau uwarta ta mutu.

Na fita wajen dattawan da suka rage a ƙofar gida. Ɗaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, mu je mu ce wa ya ɓata? Ba ta da takarda, a wajensu ba ta ma ƙasar. Su ce a wane gida, mu ce me?"

Na dawo ciki. Ɗaki cike da mata, kusan duk masu ajiya ne. Ana ta kuka, ana Khala ta yi min kaza, Khala ta yi min kaza. Sai na miƙe tsaye na ce, "Jama'a, ku saurara. Wadda ta riƙe mana gidajenmu an fita da ita yanzu. Daga yau ba wanda ya san inda kowa take. Don Allah kowace ta faɗi gidan aikinta a nan, da ƙarfi, mu ji mu duka. Ni zan fara."

Na faɗi nawa. Unguwa, layi, launin ƙofa, sunan madam.

Na juya ga ta kusa da ni.

Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ta kusa da ita ta ce, "Haba Jummai, yau ranar wannan ce?" Wata daga baya ta ce ita ba ta san kowa da kowa a ɗakin ba. Wata ma na ga tana motsa baki, sai daga baya na gane sunan madam ɗina take haddacewa.

Ko mutum ɗaya ba ta faɗa ba.

Wallahi na ji haushinku, kuma ina jin haushinku har yanzu. In kuna karantawa, da ku nake. Har Khala ma ina jin haushinta, Allah ya yafe min, mace tana kabari ina jin haushinta. Amma wa ya sa ta kulle bakinta haka in ba mu ba?

Abin da ya fi ci min rai, akwai mata yanzu haka a gidajen mutane, masu kwana, an karɓe musu waya, ba su ji rasuwar ba. Suna ta haƙuri da abin da ake yi musu, don sun san akwai tsohuwa a Balad da za ta zo in sun yi shiru da yawa.

Balaraba ma ta san yau Asabar. In tana da rai, tun safe kunnenta na kan ƙararrawar gidan.

Ga roƙona. Duk wanda ya san Maman Biyu, doguwa ce, fara, tana da haƙorin Makka a gefen hagu, tana sayar da turaren wuta. Wasu sun ce Kano ta sauka, wasu sun ce 'yar Maraɗi ce. Ban san sunanta na yanka ba, a nan ba mai amfani da nasa. Na san masu irin wannan kamannin sun fi a ƙirga, na sani. Amma ku tura rubutun nan gaba. In ya isa gare ta, Hajiya ba wanda zai tuhume ki da komai, unguwa da ƙofa kawai za ki turo min ta saƙon sirri. Ni zan je, ko da daga ƙofar za a wuce da ni tarhil.

In gaya muku gaskiya, ban sa rai ba. Na daɗe a garin nan, na san yadda irin wannan ke ƙarewa. Nan da ɗan lokaci wata za ta zo ta ce a ba ta shimfiɗar Balaraba, ai an kwashe ta.

Ya Allah ka jiƙan Khala Asabe. Ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sanyaya mata ƙafafun nan da suka kumbura saboda mu. Matan da ta wanke da hannunta ba dangin iya ba na baba, ka sa su tsaya mata shaida. Ka ba Samira da 'yan'uwanta haƙuri.

Ya Allah, kai ka san ƙofar da Balaraba take baya. Ka sa wani ya buɗe ta.

Duk wanda ya karanta har ƙarshe, don Allah kar ka wuce. Ka yi wa Khala Ƙulhuwallahu, ka kira sunan Balaraba a sujadarka. Ku roƙa mana a same ta da rai. In kuma an riga an gama da ita, ku roƙa su yar da ita inda mutane za su gani, in samu in wanke ta, in san abin da zan gaya wa tsohuwarta.

Ku ce amin don Allah, ni bakina ya kasa.